Masaƙin da Ya Warware Zaren Matarsa

Ranar Laraba ce, sha huɗu ga watan tsinkar zaitun, cikin shekara ta ashirin da biyu ta sarautar Sarki Firikon na tsibirin Ortasa, da hantsi, daidai lokacin da inuwar sandar tsakiyar kasuwa ta kai ƙafa bakwai. A wannan sa'a tulu ya suɓuce daga kan matata Zosima ya fashe a bakin ƙofa, ita kuma ta zauna cikin ruwan ta kasa tashi. Daga nan labarin ya soma. Ni Arkiyas ɗan Tilon, masaƙi ɗan masaƙi, ni na taka hanyar da ƙafata, zan kuwa faɗe ta yadda ta kasance, ba ƙari ba ragi, gama mai aikin zare awo ya sani, bai san ƙiyasi ba.

Ƙasarmu ta Yunanawa ce, wato Girkawa, tsibirai barkatai cikin teku kamar an watsa wa kaji tsaba. A wancan zamani alloli ba su yi nisa da mutane ba. Su goma sha biyu ne a kan wani dutse mai ƙanƙara, suna ci tare suna faɗa tare kamar 'yan gida ɗaya. Mai Tsawa ne babbansu, ƙaninsa kuma Mai Teku. Amma duk ikonsu, akwai wasu tsofaffin mata uku can ƙarshen yamma waɗanda ko Mai Tsawa ba ya ɗaga musu murya. Ɗaya tana kaɗi, ɗaya tana awo, ɗaya tana yankewa. Zaren da suke kaɗawa ran mutum ne.

Zosima ungozoma ce. Shekara sha tara muna tare, ba mu samu haihuwa ba, amma rabin yaran unguwarmu a hannunta suka yi kukan fari. A al'adar tsibirinmu mace ba ta kiran sunan mijinta. Ita kuwa "Mai Ƙoshiya" take ce mini, saboda ƙoshiyar saƙa da ba ta barin hannuna.

Ranar nan da azahar na ja ɗan akuya zuwa ɗakin allan warkarwa da ke kan tudu. Matar da ke tsaron ɗakin ta shaƙi hayaƙin turarenta, idanunta suka juye, ta ce, "Ba ciwo ba ne, masaƙi. Zarenta ne ya zo ƙarshe. Kwana arba'in."

Na ce, "Uwa, ba a ƙarawa?"

Ta ce, "Ana ƙarawa, in mutum ya kai kansa gaban tsofaffin, ya yanko daga nasa ya ɗora mata. Jarumai sun je, masu shaƙe zaki da hannu. Ko ɗaya bai dawo da biyan bukata ba."

"Me ya hana su?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Ba su iya ƙulli ba."

Da na faɗa wa Zosima, ta ɗaga ido ta dubi rufin ɗaki. Can ta ce, "Mai Ƙoshiya, kai da ko kwale-kwalen fito ka shiga sai ka yi amai? Zauna. Kwana arba'in ba kaɗan ba ne in muna tare."

Na ce, "Arba'in ɗin nan ba za su ishe ni ba."

Ta ce, "Kai dama me ya taɓa isarka?" Ta juya fuskarta bango. Na bar ta a hannun ƙanwarta Nikasa, na ɗauki ƙoshiyata da ƙullin busasshen ɓaure, washegari na sauka bakin teku.

Mu bakwai ne a jirgin: Hirson mai jirgi, matuƙansa huɗu, ni, sai wani tsohon sojan Rum mai suna Kintu, wanda mashi ya tafi da kunnensa na hagu tun yana saurayi. Shi ma wajen tsofaffin za shi. Ɗansa ɗaya tak, Lukiyu, ya fita neman suna shekara sha ɗaya da suka wuce, bai dawo ba. Kintu ba ƙari yake nema ba, tambaya kawai zai yi, ko zaren yaron yana tafiya har yanzu.

Mun yi kwanaki muna musu a kan alloli. Nakan ce masa, "Baba Kintu, ku Rumawa kun kwashe mana alloli kun sake musu suna, kamar ɓarawon akuya da ya sake mata igiya."

Shi kuwa ya ce, "Ɗan zare, mu muka ba su abinci suka yi ƙiba. A wajenku sai waƙa da zaitun. Wa zai zauna?"

Rana ta tara, da tsakar rana, iska ta ɗauke ɗif. Muka hango wasu duwatsu baƙaƙe tsaye cikin ruwa, a kansu wasu halittu masu jikin mikiya da kan mace. Matuƙa sun sha ba da labarinsu, suna cewa waƙa suke yi. Ba waƙa ba ce. Muryar wanda ka baro a gida suke ara. Biyu daga matuƙanmu suka saki tuƙi suka faɗa ruwa suna amsa kira, teku ta rufe su. Hirson ya karkata jirgi wajen duwatsun yana kuka yana cewa, "Inna, ga ni nan." Ni kuwa muryar Zosima na ji, ras, ba alamar ciwo, tana cewa, "Arkiyas! Na warke! Arkiyas, zo mana!"

Har na ɗora ƙafa ɗaya kan bakin jirgi. Sai wani abu ya tsaya mini a rai. Shekara sha tara, cikin daɗi da cikin faɗa, Zosima ba ta taɓa furta wannan suna ba. Ko ranar da gobara ta kama rumfarmu ina barci a ciki, "Mai Ƙoshiya" ta yi ta ƙwalawa. Na janye ƙafata. Na waiga na ga Kintu kwance a inuwar filafilai yana minshari, ya danne kunnensa mai ji da ƙasa. Na harbe shi da ƙafa, na toshe masa kunnen da tafina, na nuna masa duwatsun. Soja ne, bai nemi bayani ba. Ya cusa gefen rawaninsa a kunne, ya ture Hirson ya kama sandar juya jirgi. Ni kuma na ɗauki garkuwarsa ta tagulla da ludayin girki, na yi ta bugawa har ƙarar ta danne muryoyin, sauran matuƙa biyu suka dawo hayyacinsu suka ja mu muka wuce. Muka rage mu biyar.

Bayan wannan Mai Teku ya yi fushi, ban san laifin wa ba, ya yi ta wasa da mu kamar yaro da ƙwallon goruba. Sai rana ta ashirin da ɗaya muka taɓa gaɓar yamma. Hirson ya dubi duwatsun da ke gabanmu ya ce iyakar jirgi ruwa, nan zai juya. Ban zarge shi ba. Ni da Kintu muka kama hawa.

Kwana biyu muna hawa aka kama mu. Mutan-doki ne, daga cibiya zuwa sama mutum, daga cibiya zuwa ƙasa ingarma. Mashaya ne na ƙin ƙari, kuma duk mai ƙafa biyu da suka gani sun ɗauka giyarsu ya zo sata. Suka ɗaure mu suka kai gaban babbansu, wani tsoho mai furfura har a jela, sunansa Dorkon. Yana magana yana tari.

Ya ce, "Me kuka iya, kafin a jefa ku kwazazzabo?"

Kintu ya ce, "Na iya kashe doki."

Na taka masa ƙafa na ce, "Ranka ya daɗe, tsufa ne, kar a kula shi. Ni masaƙi ne. Na ga kana rawar sanyi."

Dorkon ya sunkuyo ya rage murya don kada samarinsa su ji. Ya ce, "Dokin ba ya jin sanyi. Mutumin ne ke mutuwa. Duk rigar da muka ƙwato a wajen irinku sai ta tsaya a ciki, iska ta shiga ta ƙasa. In na yafa bargo, da na yi sukuwa ya zame. Shekara ɗari biyu ina tari."

Na nemi a kwance ni na auna shi: daga wuya zuwa cibiya taki uku, daga cibiya zuwa gindin jela taki tara. Na ce zan saƙa masa riga ɗaya da za ta rufe mutumin ta gangara bayan dokin, da maɗaurai ƙarƙashin ciki, in shi kuma zai tsallakar da mu dutsen. Ya yarda. Na haɗa masaƙa da sandunan mashi, matansu suka kaɗa mini gashin tumaki.

Kwana shida aikin ya ci. Kowace jifa ta ƙoshiya ina jin kamar daga kwanakin Zosima nake cirewa. A rana ta uku Kintu ya ce, "Sun bugu, babu mai tsaro. Tashi mu gudu."

Na ce, "Dutsen nan kwana sha biyu ne a ƙafa, uku a bayansa. Lissafa."

Ya ce, "To rage ado mana. Wa zai duba bakin riga a kan dutsen nan?"

Na ce, "Ni zan duba." Na kuma yi mata baki yadda ubana ya koya mini. Wannan hali nawa ne, ban ɓoye shi ba, kuma mai sauraro ya riƙe shi.

Da Dorkon ya sa rigar ya yi sukuwa sau uku ba ta zame ba, sai ya tsaya yana shafa ƙirjinsa, hawaye na bin gemunsa. Ya ɗauke mu mu biyu a bayansa, ya tsallaka da mu ta inda gajimare ke ƙarƙashin ƙafa. A rana ta talatin da biyu ya sauke mu bakin wani kwari, ya ce, "Iyakata ke nan. A tsakiyar kwarin nan akwai wata mace mai macizai a maimakon gashi. Ba ta bin kowa, ba ta cizo, zaune kawai take. Amma duk wanda ya buɗe ido a kwarin sai idonsa ya kai kanta, ya zama dutse nan take. Ku ɗaure fuska, ku bi ƙarar rafi. Kome kuka taɓa, kada ku duba."

Da gari ya waye muka ɗaure idanu da tsumma. Na ɗaura zare daga wuyan hannuna zuwa na Kintu, shi a gaba yana lalube, ni a baya. Kwarin cike yake da mutanen dutse. Nan ka yi karo da kafaɗa, can da tsinin takobi, can da hannun da aka ɗaga za a kare fuska. Daga nesa muna jin hucin macizai kamar ana zuba ruwa a garwashi. Mun yi tafiyar rabin yini haka, sai na ji zaren ya saki. Kintu ya tsaya.

Ya ce, "Arkiyas. Wannan hancinsa a karye yake, ya karkata dama."

Na ce, "Masu karyayyen hanci suna da yawa a duniya, Baba. Mu tafi."

Ya ce, "Ni na karya shi da bakin garkuwa, ranar da nake koya masa tsayuwa. Uwarsa ta yi wata ba ta yi mini magana ba." Na ji tafinsa yana bin dutsen a hankali. "Ga zobenta a ƙaramin yatsansa."

Na ce, "Ka ji da hannu, ya isa. Don girman duk allan da kake kira, da sunanmu ko da naku, kada ka kwance."

Ya ce, "Ɗan zare, tambaya na zo yi, ga amsa a gabana. Me zan je in ce wa tsofaffin kuma?" Ya kwance zaren daga hannunsa ya danƙa mini. "Rafi yana hagunka. Gai da matar taka."

Na ji tsumman ya faɗi ƙasa. Na ji ya ja numfashi, ya ce da wata irin murya mai taushi da ban taɓa ji daga bakinsa ba, "Ashe ya tsayar da gemu." Bai ƙara ba. Na miƙa hannu na taɓa kafaɗarsa. Da sauran ɗumi, amma ta riga ta yi tauri. Na tsaya har ɗumin ya ƙare, sannan na bi rafi ni kaɗai.

Rana ta talatin da biyar na isa. Na zaci kogo ne mai duhu. Ashe fili ne buɗaɗɗe tsakanin duwatsu huɗu, rana na haska shi, zaruruwa sun cika shi daga wannan bango zuwa wancan, dubu bisa dubu, farare da baƙaƙe da jajaye, suna rawa cikin iska. A tsakiya tsofaffin uku suna zaune kan tabarma ɗaya. Mai Kaɗi tana murza mazari, Mai Awo tana auna zare da tafin hannu, Mai Almakashi kuma tana ƙyas, ƙyas, ba ta ko duban abin da take yankewa.

Na durƙusa na gaishe su. Mai Kaɗi ta ce, "Wani jarumin ne kuma? Ina kulkinka?"

Mai Awo ta ce, "Ke dai ba ki gani. Dubi yatsunsa. Ɗan sana'a ne."

Mai Almakashi ta ce, "Ɗan sana'a ko ɗan sarki, duk ƙyas ɗaya ne. Me kake so, ɗan nan?"

Na faɗa musu. Mai Awo ta ce, "Doka uku ce. Daga naka za ka yanka. Da hannunka za ka ƙulla. Mu kuma ba ma ba da shawara." Ta tashi tana dafa gwiwa, ta kai ni wata kusurwa, ta nuna mini zare biyu, ɗaya ruwan toka ɗaya ruwan zuma. "Ga naka, ga nata."

Ban taɓa ganin sarƙaƙiya irin wannan ba. Daga farkonsu kowane yana tafiyarsa sumul, amma daga wani wuri suka haɗu suka naɗe juna, suka shiga suka fita, suka yi ƙulli kan ƙulli, har ba ka iya cewa ga inda toka ta ƙare zuma ta fara. Sarƙewar ta wuce inda na Zosima ya tsaya, nawa yana ci gaba a murɗe yana naɗe iska, kamar yana jiran abin da zai kama. Abin da ya rage na nata bai fi gaɓar yatsa ba.

Ubana ya koya mini abu ɗaya kafin ya bar ni in taɓa ƙoshiya: ba a ƙulli a kan sarƙa. Ka warware, ka miƙar, ka auna, sannan ka ƙulla. Ya sha bugun yatsuna a kan wannan. Kowane masaƙi a tsibiranmu haka zai gaya maka, kuma a wajen saƙa gaskiya ne. Saboda haka na zauna, na jiƙa yatsu da yawu, na fara warwarewa.

Mai Kaɗi ta tsayar da mazarinta ta ce, "Yaya, kin ga abin da yake…"

Mai Almakashi ta ce, "Rufe bakinki. Kaɗi aka sa ki."

Na ji su, amma na ɗauka mamakin gwanintata suke yi. Kwana uku na yi, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Wani ƙullin ƙarami ne, taɓawa ɗaya ya saki. Wani kuwa ya ci mini rabin yini, ya tsaga mini farce, kamar zaren da kansa yana ƙi. Duk wanda ya saki sai in ji wani ɗan sanyi ya ratsa ƙirjina, in ce gajiya ce. Ban tsinka ko sili ɗaya ba. Da na gama, na miƙar da su gefe da gefe kamar wadarin saƙa, na goge murɗewar da ta rage a nawa da tafin hannu har ya miƙe sak, faɗin yatsa ɗaya tsakaninsu daga farko har ƙarshe.

Na auna abin da ya rage mini: taki sittin. Mai Awo ta ce kowane taki shekara ce. Na ari almakashi na raba biyu daidai, talatin da talatin. Na ɗauki rabin na ɗora a bakin na Zosima da ƙullin masaƙa, wanda in an ja shi ƙara kamawa yake. Na ja, ya riƙe. Rana ta talatin da tara ke nan, da la'asar.

Tsofaffin suka taso su uku suka tsaya a kaina suna kallo. Mai Awo ta bi zaren da yatsa ta ce, "Tun da aka kafa duniya ba a yi mana aiki mai tsabta kamar wannan ba."

Na yi godiya, kaina ya kumbura. Mai Kaɗi kuwa sai share ido take da gefen zanenta. Mai Almakashi ta nuna mini wata 'yar ƙofa a jikin dutse ta ce, "Bi nan. Zuwa wajenmu ne ke da nisa."

Na sunkuya na shiga, na yi taku goma sha biyu, sai ga ni cikin gonar zaitun da ke bayan gidana. Na waiga, ba ƙofa, sai ramin yanyawa.

Na shiga gida a guje. Nikasa na tsakar gida tana daka, ta saki taɓarya ta yi guɗa. Ta ce, "Yaya Arkiyas! Kai ne ko fatalwarka? Yanzun nan ta miƙe kamar ba ita ba, ta cinye tuwon mutum biyu, ta ɗau tulu ta tafi rijiya. Da ka zo da wuri kaɗan da ka same ta."

Na ruga rijiya. Aka ce yanzu aka kira ta, matar mai gasa burodi na naƙuda. Na je can, aka ce an haihu, ta bi ta bayan gida ta koma. Na koma gida, Nikasa ta ce, "Ai da ta ji ka dawo ta fita nemanka ba ko takalmi." Muka yi dariya. Ranar nan dariya muka yi.

Kwana bakwai ana haka, dariya ta ƙare. Nikasa ta ce, "Ku biyun nan kun haukace. Kai zauna a zaure, kada ka motsa ko gida na cin wuta. Ni zan kamo ta da hannuna." Na zauna. Ta kamo ta, suna shirin tsallako rafi sai ruwa ya sauko daga dutse, rani tsaka, ya cinye gada, suka kwana biyar a ƙetare. Muka sake dabara: ni a wannan gefen ƙofa, ita a wancan, a buɗe kawai. Ƙofar ta kumbura ta ƙi. Na yi kira, ita ma ta yi, Nikasa da ke tsaye kan katanga tana jin mu duka biyu, amma ni ban ji kome ba sai iska, ita ma haka. Mijin Nikasa ya kawo gatari. Sara na uku azarar ƙofar ta faɗo ta karya masa ƙafa, ƙura ta turnuƙe, kafin ta lafa maƙwabta sun janye Zosima waje.

Ina zaune cikin ɓaraguzan nan ina kallon farcena da ya tsage, sai na gane. Kowane ƙulli da na warware haɗuwa ce. Ƙananan su ne gaisuwar safe da miƙa ƙwarya. Manyan da suka ƙi saki, na san su ɗaya bayan ɗaya: ranar aurenmu, ranar gobara, ranar da ta yi ɓari na riƙe kanta har gari ya waye. Murɗewar nan da na goge a nawa zaren, gurbin haɗuwar da ke gaba ce. Jaruman da suka kasa ƙulli sun koma gida sun binne matansu. Ni da na iya, na ba ta shekara talatin, na cire kaina daga cikinsu.

Na aika Nikasa ta faɗa mata duka, ban rage kome ba. Ta daɗe kafin ta dawo. Na ce, "Me ta ce?"

Nikasa ta ce, "Da fari cewa ta yi wa ya aike ka. Ta ce da ka zauna, da ta samu kwana arba'in ɗinta cur, hannunka cikin nata."

"Sannan?"

"Sannan ta yi kuka. Sannan ta yi dariya, ta ce ai tun ranar da aka kawo ta gidanka ta san za a yi haka, mutumin da ya kwance mata kitson amarci don wai layi ɗaya ya karkace." Nikasa ta share hanci. "Ta ce kuma kada a sake gwadawa. Yau ƙafa ce, gobe ba a san ran wa ba. Ta ce miya tana kan murhu, ka ci tun da zafi."

Na shiga madafa. Tukunyar na tafasa, ludayi na motsi a ciki bai gama tsayawa ba.

Sau biyu na sake shiga jirgi neman gaɓar yamma, ban same ta ba. Na haƙa ramin yanyawar nan har na kai ga dutse. Daga baya na haƙura, na gyara ƙofar, na koma kan masaƙata. Gida ɗaya muke har yau. In na fito ta shiga, in na shiga ta fita, ba mai shirya haka a cikinmu. Nakan tarar da kujera da ɗuminta. Nakan saƙa mata zane duk shekara in ajiye bakin ƙofa, Nikasa ta zo ta gaya mini yadda ya karɓe ta. An ce gashinta ya yi fari fat, ta kuma fara dogara sanda. Ni ban gani ba. A idona tana nan yadda na bar ta, fuskarta a bango.

Shekara ashirin da tara ke nan da wata huɗu. Taki ɗaya ya rage mana, bai ma cika ba, kuma awona ba ya kuskure: rana ɗaya za a yi mana ƙyas. Ko a ƙetaren kogin da matattu ke tsallakawa zuwa lahira zare yana da sauran iko, na tambayi masu tsaron ɗakunan alloli bakwai, ba wanda ya sani.

Ga waɗanda suka rage cikin mutanen labarin nan, a iyakar sanina, yau Asabar, uku ga watan shuka:

Tsofaffin nan uku, a kan tabarmarsu.

Dorkon, an ce ya daina tari.

Kintu Barume da ɗansa Lukiyu, tsaye a kwarin, fuska da fuska.

Hirson mai jirgi ya rasu bara. Cikin matuƙansa saura ɗaya, ya makance, yana gyaran taru a bakin teku.

Nikasa, da mijinta mai ɗingishi, wanda bai taɓa yi mini gori ba.

Zosima, a ɗakin gabas.

Ni, a na yamma.